Wace waya ta dace da rataye firam ɗin hoto a gari mai danshi irin Jidda?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jidda, ba nisa da teku. Da muka koma sabuwar shaƙƙa, wato sashen gida a bene, ɗana ya rataye mana hotuna da zaren kamun kifi, saboda na ce ba na son a riƙa ganin igiya a bango. A jikin kwalin zaren an rubuta laba 30. Ba a yi shekara ba, hoton bikin kammala karatunsa, mai faɗin santimita 50 da tsawon 70, ya faɗo cikin dare, gilashin ya tarwatse. Saura babban hoton Ka'aba mai faɗin mita ɗaya da tsawon santimita 70, da Ayatul Kursiyyu mai kaurin firam ruwan zinare, da ƙananan hotunan jikoki. Duk na sauke su don tsoro. Bangon falo na siminti ne, na majalisa, wato ɗakin baƙi, kuma jibs bod ne, siririn allon nan da ake raba ɗaki da shi. Wace igiya ko waya zan saya? Kuma me ya sa zaren da aka ce yana ɗaukar laba 30 ya kasa riƙe hoton da bai kai rabin haka ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. An gode Allah da abin ya tsaya kan gilashi, bai sami kowa ba. Sauke sauran da kika yi shi ne daidai, kuma kada ki mayar da ko ɗaya kan wannan zaren.

Tambayarki gida biyu ce: me ya tsinka zaren da a rubuce ya fi ƙarfin hoton, sannan da me za a maye gurbinsa. Amsar ta biyu a taƙaice ita ce wayar sitanles mai silli da yawa wadda aka lulluɓe da roba, a ɗaura ta a zobba biyu a bayan firam, a bar mata sassauci. Amma in kika sayo wayar aka ɗaure ta tam kamar yadda ake yi wa zare, an dai sauya wurin da ɓarnar za ta ɓullo ne kawai. Waya ba nauyin hoto kaɗai take ɗauka ba. Yadda aka ja ta yana iya ninka wannan nauyin sau uku, har sau biyar, kuma nan ne akasarin masu rataye hoto suke yin kuskure.

A fara da sikeli

Kafin a je kanti, a auna kowane firam. Sikelin awon jaka da ake ajiyewa don tafiya gida ya wadatar: a naɗe firam ɗin cikin zane, a ƙulle, a ɗaga da ƙugiyar sikelin. In babu shi, mutum ya hau sikelin awon jiki riƙe da firam, ya sake hawa ba tare da shi ba, a debe. Kada a dogara da kintacen hannu, domin firam mai faɗi yakan yi kamar ba shi da nauyi idan an rungume shi.

Gilashi ne yake cin rabin nauyin ko fiye. Kowace mita murabba'i ɗaya ta gilashi tana da kilo 2.5 a kan kowane milimita na kauri. Hoton da ya faɗo, 50 da 70, idan gilashinsa mai milimita 3 ne, gilashin kaɗai ya haura kilo 2.5. A haɗa da allon baya na MDF, wato matsattsen garin katako, da katakon gefe, za a tashi da kilo 4 zuwa 4.5. Na Ka'aba kuwa gilashinsa kaɗai ya haura kilo 5, gaba ɗaya zai kai 8 zuwa 10. Laba 30 da aka rubuta a kwalin zaren kilo 13.6 ke nan, domin ana raba laba da 2.2 ne a sami kilo. Ki riƙe wannan lissafin, yawancin kwalayen waya da ƙugiya da laba ake rubuta su.

Abin da ya tsinka zaren

Wancan adadi na laba 30 an same shi ne da sabon zare, a miƙe, babu ƙulli, aka ja shi sau ɗaya har ya tsinke. Ƙarfin tsinkewa ke nan, ba nauyin da zai iya riƙewa dare da rana ba. An yi zaren ne don ya jure fisgar kifi na ɗan lokaci, kuma masunta da kansu sukan sauya shi a kai a kai.

A bayan firam abubuwa da dama suka taru a kansa. Ƙulli shi ne na farko. Zaren kifi na lailon ne, silli ɗaya mai santsi, ƙullin gama-gari yana lanƙwasa shi sosai har ya cinye kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, wani lokaci har rabi. Sai bakin ƙusa ko kaifin zobe: duk lokacin da aka buga ƙofa ko aka goge ƙura, zaren yana ɗan gogar ƙarfe a wuri guda. Ƙarzuwa kaɗan ta isa, tunda ba shi da wani silli na biyu da zai tare masa. Sannan lailon yana miƙewa a hankali idan nauyi ya daɗe a kansa, yana ƙara tsawo yana sirancewa. In kin tuna, wataƙila hoton ya riƙa yin ƙasa kaɗan kaɗan kafin ya faɗo, ko kan ƙusar ya fara leƙowa ta sama. Wannan miƙewar tana ƙaruwa da zafi da danshi, domin lailon yana shan ruwa daga iska, kuma Jidda ta haɗa biyun. Shaƙƙar da aka rufe aka kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, aka yi tafiyar hutu a tsakiyar zafi ita ce mafi muni gare shi. In hasken rana yana kai wa bangon ta taga, shi ma yana busar da zaren har ya yi gautsi.

Abin da ya sa nake hana shi ɗungum shi ne ba ya ba da sanarwa. Waya mai silli da yawa takan fara tsinkewa silli ɗaya bayan ɗaya, mai dubawa ya gani ya sauya. Zaren kifi yau lafiya lau, gobe ya rabu biyu.

Jan da waya take sha

Wannan sashen ya fi kowanne muhimmanci, ki sa ɗanki ya karanta shi. Kin san igiyar shanya: idan an ɗaure ta ta miƙe tsaf, jiƙaƙƙen bargo guda yana iya janyo sandunan biyu su karkato ciki, amma in tana da ɗan lanƙwasa sai ta ɗauki kaya da yawa sandunan na tsaye. Haka waya take a bayan firam. Iyakar miƙewarta, iyakar jan da take sha.

Mu ɗauki firam mai kilo 4.5, zobbansa biyu suna da tazarar santimita 46. A sa yatsa a tsakiyar wayar a ja ta sama kamar yadda ƙugiyar bango za ta ja ta, a auna nisan da ta tashi daga layin zobban. In ta tashi santimita 13, kusurwar ta kai digiri 30, kuma jan da ke kan kowane ɓangare daidai yake da nauyin firam ɗin, kilo 4.5. In santimita 6 kawai ta tashi, jan ya ninka, kilo 9. A santimita 4 ya kusa ninki uku, kilo 13. A santimita 2, wato wayar da aka ɗaure ta yi tam, jan ya kai kilo 26 a kan hoton da bai cika kilo 5 ba.

Zaren lailon yakan ɗan sauƙaƙa wa kansa wannan, saboda yana miƙewa sai kusurwar ta buɗe, duk da haka yana zama ɗauke da abin da ya fi nauyin hoton. Wayar ƙarfe ba ta miƙewa. In aka ɗaure ta tam, ita ba za ta tsinke ba, sai ta miƙa duk jan ga sukurun da ke riƙe da zobba da kuma kusurwoyin firam. Jan nan ciki yake yi, yana matso gefen hagu da na dama. Daga nan sai a ga sukuru ya tumɓuke daga katako, ko haɗin kusurwa ya buɗe baki, ko gefen firam siriri ya lanƙwashe ya danne gilashi ya tsage. 

Ƙa'idar da nake aiki da ita mai sauƙi ce: tsakiyar waya ta tashi aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar da ke tsakanin zobban. Tazara 46, tashi 12 ko 13. Amma kuma ƙololuwar ta tsaya santimita 4 ko 5 ƙasa da saman firam, don ƙugiya ta ɓuya. Da wannan buƙatarki ta farko ta biya, domin wayar da aka ɗaura daidai ba a ganin ta ko wace kala ce. Ba a buƙatar zare mai kama da ruwa don a ɓoye abin da firam ɗin da kansa ya rufe.

Hoton Ka'aba ba zai karɓi wannan ƙa'ida da ƙugiya ɗaya ba. Faɗinsa mita ɗaya, zobban za su yi tazarar kusan santimita 94, kashi ɗaya cikin huɗu ya haura 23, alhali zobban kansu santimita 20 ne ƙasa da sama. Maganinsa ƙugiya biyu a bango, a jere daidai, tsakaninsu santimita 50. Yanzu daga kowane zobe zuwa ƙugiyarsa santimita 22 ne a kwance, tashin 13 ya ba da digiri 30. Ƙugiya biyu kuma suna hana hoto karkacewa duk lokacin da aka taɓa shi, kuma nauyin ya rabu a wuri biyu na bango. Duk firam ɗin da faɗinsa ya haura santimita 60 ni ƙugiya biyu nake ba shi.

Abin da ke kasuwa

Wadda aka fi samu ita ce saƙaƙƙiyar wayar ƙarfe mai ruwan tutiya, launin toka. Tana da arha, tana da laushi, tana ɗauruwa ba wahala. A busasshen gari irin Riyad ko Madina takan yi shekaru lafiya. A bakin teku, Jidda ko Yanbu ko Dammam, iska mai gishiri tana cinye tutiyar, tsatsa ta fara daga ƙulli da kuma inda wayar ta hau ƙugiya, wato daidai wuraren da suka fi shan wahala. Takan kuma bar jan tabo a fenti. Ga gidanki ban ba da shawararta ba.

Wayar sitanles murɗaɗɗiya, galibi mai silli bakwai, ta fi ta ƙarfi a kauri iri ɗaya, kuma tsatsa ba ta cin ta da sauƙi. Aibinta tauri: tana bijire wa ƙulli, bakinta yana soke yatsa. Shi ya sa mai rufin roba ta fi daɗin aiki, ba ta ƙarzar hannu, ba ta ƙarzar bango. Sai dai ki lura, ba kowace waya mai rufin roba ce sitanles a ciki ba, akwai mai tutiya da aka lulluɓe. A karanta kwalin, ko a gwada da maganaɗisu: mai tutiya tana manne masa da ƙarfi, sitanles kuwa jan kaɗan take yi ko ba ta yi sam. Sitanles mai lamba 304 ta isa cikin ɗaki. Lamba 316 an ƙara mata wani ƙarfe da ke sa ta jure gishiri, ita ake nema in hoton zai zauna a baranda ko wurin da iskar teku ke shiga kai tsaye. Manyan kantunan kayan aiki irin SACO da shagunan masu haɗa firam su ne wurin nemanta. Ƙananan fakitin da ake sayarwa a kantunan abu hamsa, wato na kaya masu arha, masu haɗe da ƙusa da waya ba tare da an rubuta nauyi ba, a bar su ga hoton da bai wuce kilo ɗaya ba.

Akwai kuma saƙaƙƙiyar igiyar foliyesta da aka yi musamman don hoto, mai kaurin milimita 2 zuwa 3, mai kama da igiyar jan labule. Ba ta tsatsa, ba ta shan ruwa kamar lailon, miƙewarta kaɗan ce, kuma mai aiki a gida ya fi iya ƙulla ta da kyau. Ga firam har zuwa kilo 5 ko 6 zaɓi ne mai kyau a Jidda, ban da wata tantama a kansa. A ƙona bakinta da ashana kada ta warware, a yi ƙulli biyu, a naɗe jelar da salatif.

Wayar tagulla mai ruwan zinare kyakkyawa ce, amma ba ta kai ƙarfe ƙarfi ba, kuma tana da wani ciwo: tururin amoniya, wanda ke cikin wasu ruwan goge gilashi, yana sa tagullar da ke ɗauke da nauyi ta tsattsage daga ciki. Wayar lantarki ta jan ƙarfe tana da laushi, miƙewa take yi, ƙullinta ya zame. Baƙar wayar ɗaurin rodi silli ɗaya ce, tana tsatsa nan da nan, kuma in an lanƙwasa ta sau da yawa a wuri guda sai ta karye. Zaren auduga da na ɗinkin buhu suna ruɓewa. Igiyar leda rana tana mayar da ita gari. Saƙaƙƙen zaren kifi na zamani yana da ƙarfi ƙwarai kuma ba ya miƙewa, amma santsinsa yana kwance ƙulli, sirantarsa kuma tana sa kaifin ƙarfe ya yanke shi.

Game da adadin da ke jikin kwali: wasu kamfanoni nauyin hoton da wayar za ta riƙe suke rubutawa, wasu kuma ƙarfin tsinkewa. In ba a fayyace ba, ki ɗauka ƙarfin tsinkewa ne. A nemi wadda ƙarfin tsinkewarta ya ninka nauyin firam sau huɗu: firam mai kilo 4.5 yana son kilo 18 ko sama, wato laba 40, mai kilo 10 yana son kilo 40, wato laba 90. Lambobin girma da ake sa wa waya, 2 ko 3 ko 5, ba ɗaya suke a kowane kamfani ba, nauyin za a duba. Kebul ɗin sitanles mai milimita 1 yakan kai wajen kilo 60 kafin ya tsinke, mai milimita 1.5 ya haura kilo 100, amma irin wannan ba a ƙulla shi, da ƙaramin bututun alminiyam ake matse bakinsa. In mai rufin roba ne, kaurin ƙarfen ciki ake ƙirgawa, ban da robar.

In har kina son igiya mai kama da ruwa da za a gani tana saukowa daga sama, akwai tsarin da gidajen nune-nune suke amfani da shi: dogon layin alminiyam a saman bango, da igiyar lailon mai kaurin milimita 2 tana rataye a tsaye, da ƙugiya mai hawa da sauka. Masu yin sa sukan rubuta kusan kilo 15 ga kowace igiya. Yana aiki ne saboda igiyar tana da kauri, a tsaye take, kuma babu ƙulli a jikinta. Yana da amfani ga mai haya da ke yawan sauya wa hotuna wuri, tunda sau ɗaya ake huda bango a sama wajen kafa layin.

Zobba da ɗauri

A yi amfani da zobe mai siffar harafin D wanda ke da ɗan falle da ake ɗaurewa da sukuru, yana kwanciya a jikin katako. Sukuru mai ido, wanda kansa zagaye ne, yana tsayawa a tsaye, jan waya yana lanƙwasa shi gefe har ya tsaga katakon, kuma yana tura firam nesa da bango. Firam da ya haura kilo 5 a ba shi zobe mai ramin sukuru biyu.

Wurin zobban shi ne kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na tsawon firam daga sama. Tsawo 70, a sa su santimita 18 zuwa 23 ƙasa da sama, duka biyu a awo ɗaya. In an saukar da su fiye da haka hoton zai sunkuyo gaba. A sa su a jikin katakon gefe, inda ya fi kauri, ba a allon baya ba. A fara huda ɗan rami da bakin diril mai milimita 2 kafin a sa sukuru mai milimita 3 ko 3.5, in ba haka ba busasshen katako yana tsagewa. A gwada tsawon sukurun a gefen firam tukuna, ya shiga aƙalla milimita 12 in kaurin ya ba da dama, amma kada ya ɓullo ta fuska. A karkata zoben ya kalli inda wayar za ta nufa, sama da ciki, sannan a ɗaure da sukudireba ta hannu.

A yanke waya da rarar santimita 12 zuwa 15 a kowane ɓangare. Ga firam mai faɗin 50, kusan santimita 80 ke nan. A zura bakin ta ƙarƙashin zobe ya fito sama, a zagaya da shi ta bayan doguwar wayar, a sake mayar da shi cikin zoben, a ja da filaya har ƙullin ya zauna. Sannan a naɗe jelar a jikin doguwar wayar zagaye biyar ko shida, a matse kusa da kusa, a yanke saura, a rufe bakin da salatif. Ƙullin ne yake riƙewa, naɗin yana hana shi kwancewa. Wanda ya zura waya sau ɗaya ya murɗe ta kawai, a hankali za ta zame, musamman mai rufin roba. Kafin a ƙulle ɓangare na biyu a ja tsakiya a auna tashin. In waya ta yi mummunan lanƙwasa mai kaifi wajen aiki, a jefar da wannan yankin, miƙar da ita ba ya mayar mata da ƙarfinta.

Hotunan jikoki, in ba su wuce kilo ɗaya ba, ba sa buƙatar waya. Ɗan ƙarfe mai haƙora da ake kafawa a tsakiyar katakon sama, ko zobe ɗaya a tsakiya, ya isa.

Firam ɗin Ayatul Kursiyyu shi ne wanda ba zan yanke hukunci a kansa daga nesa ba, sai an auna shi an kuma san da me aka yi shi. Yawancin masu kauri ruwan zinare da ke kasuwa ba katako ba ne, roba ce mai kumfa da aka yi wa ado. A ɗan ƙarza bayansa da bakin wuƙa: katako yana ba da ɓawo mai zare-zare, roba kuwa gari-gari take fitarwa. Sukuru ba ya kama wannan robar da kyau, in an ƙara murɗa shi kaɗan sai ramin ya lalace. Irin wannan a ba shi falle mai ramuka biyu ko uku da sukuru mai manyan haƙora, ko mai haɗa firam ya sa masa katako ta baya a ɗaura zobban a kai. In nauyinsa ya haura kilo 12, a bar maganar waya gaba ɗaya. A rataye zobban biyu kai tsaye a kan sukuru biyu a bango, ko a yi amfani da katako biyu masu yankan gefe digiri 45, ɗaya a bango ɗaya a firam, su shiga juna. Haka ake yi wa manyan madubai. Abin da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ya cancanci wannan ƙarin kulawa, kada ya wayi gari a ƙasa.

Bango

A bangon siminti, ƙusar da aka buga da guduma takan tsaya ne cikin filasta, wadda kaurinta bai wuce santimita 2 ba, kuma bugun yana farfasa abin da ke kewaye da ita. A huda da diril da bakin siminti mai milimita 6, zurfin santimita 4 zuwa 5 don a kai ga bulo, a busa ƙurar, a sa fisha mai milimita 6, wato ɗan bututun roba da ake cusawa a ramin don sukuru ya kama, sannan sukuru ko ƙugiya mai zare. In sukuru ne, kansa ya zama mai faɗi, a bar milimita 5 a waje. In an samu ƙugiya mai santsin baki ta fi, domin haƙoran sukuru suna cin rufin robar waya. Kada a huda a saman soket ko makunnin fitila ko ƙasansu a layi ɗaya, nan wayoyin wuta suke bi, haka ma kewayen mukayyif inda bututunsa suke.

Jibs bod kaurinsa kusan milimita 12 ne, bayansa fanko, fishar siminti ba ta da abin kamawa a ciki. Ko dai a nemo ƙarfen da aka kafa allon a kai, wanda yakan zo kowane santimita 40 ko 60 kuma maganaɗisu yana nuna shi, ko a sayi fishar jibs mai buɗe fukafukai ta baya. Hoton Ka'aba da Ayatul Kursiyyu in da hali a kai su bangon siminti, a bar wa majalisa ƙananan.

Mannen da ake liƙawa ba tare da huda ba yana da amfani ga ƙananan hotuna a gidan haya, amma masu yin sa da kansu suna gargaɗin cewa gam ɗin yana saki idan zafi ya haura digiri 40, kuma ɗakin da aka rufe a Jidda lokacin zafi yana iya kusantar haka. Kada a ba shi firam mai gilashi a saman gado ko inda ake zama.

A liƙa ƙananan robobi biyu a kusurwoyin ƙasa ta baya. Suna hana hoto zamewa, suna kuma barin iska ta ratsa bayansa, abin da ke rage danshin da ke kumbura allon MDF ya sa hoto ya manne wa gilashi. Kada a rataye firam a ƙarƙashin mukayyif, ranar da magudanarsa ta toshe a kansa ruwan zai sauka. Wajen gogewa a fesa ruwan a tsumma, ba a gilashi ba, don kada ya gangara ya shige ta ƙasa.

Idan an ɗora firam kada a sake shi nan take. A leƙa ta gefe a tabbata wayar ce ta hau ƙugiya, ba bakin katako ba, a saki a hankali, sannan a ɗan ja shi ƙasa da hannu biyu. In an ji ƙara ko an ga garin filasta yana zubowa, a sauke a sake duba fishar. Sau ɗaya a shekara, lokacin sharar gida ta gabanin azumi misali, a sauke kowane firam a juya bayansa. A duba tsatsa a ƙulli da inda waya ke hawa ƙugiya, a taɓa zobba a ji ko suna motsi, a duba ko kusurwa ta fara buɗewa. Sukurun da ya saki kada a ƙara murɗa shi a tsohon raminsa, a matsar da zobban biyu santimita 2 a huda sabo. In silli ɗaya ya tashi a jikin waya ko rufin robar ya tsage, a sauya wayar dukkanta, kada a yi mata ƙari.